Babi na Huɗu: Gwaiwa da Ranar da Ta Ƙi Komawa

Duk ɗa namiji da rauni a bangon cikinsa aka haife shi, kuma ba laifin kowa ba ne. Lokacin da yake cikin mahaifiyarsa, 'ya'yan marainansa a can sama suke fara samuwa, kusa da ƙoda. Sai ciki ya kai wajen wata bakwai zuwa takwas suke gangarowa, su ratsa tsokar mara ta wata 'yar hanya da ke matsematsi, su sauka cikin jakarsu, suna jaye da jijiyoyin jininsu da bututun maniyyi. Hanyar nan, wadda tsawonta a jikin baligi bai wuce santimita huɗu ba, ba ta toshewa gaba ɗaya, domin jijiyoyin suna kwance a cikinta har ƙarshen rayuwa. Ta nan gwaiwa take samun ƙofa. Shi ya sa a cikin maza ɗari, kusan 27 za su gamu da ita kafin su bar duniya, alhali a cikin mata ɗari ba su wuce uku ba. Kuma ta fi fitowa ta hannun dama, saboda ƙwayar dama ce ke yin jinkirin sauka.

Abin da ke faruwa bai da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa cika buhu da hatsi. Idan saƙar buhun ta sassauta a wani wuri, aka ci gaba da danna hatsi, nan wurin ne zai bultso. Ciki ma haka yake. Duk lokacin da mutum ya yi tari, ko ya yi yunƙuri, ko ya ciccibi kaya, hanji na matsa bangon ciki ta kowane ɓangare, inda ya tarar da sako-sako sai ya tura tantanin ciki ya bi bayansa. Da farko ɗan ƙullutu ne a gefen mara, yana fitowa in an daɗe a tsaye, ya ɓace in an kwanta. Wasu ƙaba suke kiransa a wannan mataki. Shekara da shekaru sai ya gangara cikin jakar maraina, ya yi ta girma, a wasu mutanen har ya doshi gwiwa.

An saba cewa ɗaukar kaya mai nauyi ne ke kawo ta. Akwai ƙanshin gaskiya, amma ba ita ke nan ba. Ɗan dako da manomi mai huɗa da mai jan ruwa a rijiya sun fi saurin ganin tasu, domin aikinsu na tona raunin da yake nan tuntuni. Amma malamin da bai ɗauki abin da ya fi littafi nauyi ba shi ma yana samu. Tari mai daɗewa, irin na tarin fuka ko na mai shan taba, yana buɗe ta. Haka taurin bayan gida. Haka kuma yunƙurin fitsari da dattawa ke fama da shi idan ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara ya kumbura. Likitan da ya san aikinsa ba zai ɗinke kafar ya ƙyale tarin ko matsalar fitsarin ba, don ya san abin da ya buɗe ta zai sake buɗewa.

A duniya ana yin aikin gwaiwa sama da miliyan 20 a kowace shekara, yana cikin ayyukan tiyata da aka fi yi. Amma rabon bai yi daidai ba. Binciken da aka buga a 2016 kan mazajen wani yanki na Ashanti a Gana ya tarar kusan ɗaya cikin goma na yawo da gwaiwar da ba a yi wa aiki ba. Wanda ya taɓa ganin layin da ake yi a garuruwanmu ranar da aka sanar da aikin gwaiwa kyauta, ba zai yi mamakin wannan adadi ba. Rashin kuɗi na cikin dalilai, nisan asibiti ma haka. Sai dai ina ganin kunya ta fi su ɓarna. Ciwo ne da muka mayar abin tsokana, kuma babbar riga da wando mai faɗi na iya ɓoye shi shekara ashirin. Magidanci zai gaya wa abokinsa yana da hawan jini ko ciwon sukari ba tare da ya sunkuyar da kai ba, amma wannan, wani ko ɗansa na cikinsa ba zai sani ba sai ranar da aka ɗauke shi ranga-ranga.

Duba gwaiwa kuwa ba ya buƙatar na'ura. Yana cikin 'yan cututtukan da ido da hannu suka wadatar a kansu, kuma a tsaye ake farawa, domin in mutum ya kwanta kumburin na iya komawa ciki a rasa abin gani. Likita zai ce, “Baba, a yi haƙuri, a ɗan sassauta wandon.” Zai dubi gefe biyun ya gwada su. Sa'an nan ya ɗora yatsunsa a kan kumburin ya ce, “A juya kai gefe, a yi mini tari.” Idan gwaiwar hanji ce, zai ji ta bugi yatsunsa tana faɗaɗa a daidai lokacin tarin. Wannan alama tsohuwa ce ƙwarai: wata takardar likitancin Masar ta dā, da aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, ta ambaci kumburin ciki da ke fitowa in an yi tari.

Daga nan sai ya kama saman jakar maraina da yatsu biyu, yana neman ya ji ko zai iya zagaye kumburin ta sama. Idan yatsunsa suka haɗu a bisa kumburin, babu komai tsakaninsu sai siririyar igiyar jijiyoyi, to abin a cikin jakar ya samo asali. Idan kuma kumburin ya miƙe har cikin mara babu inda ya yanke, daga ciki ya sauko. Sai a ce mutum ya kwanta, kuma galibi shi ake bari ya mayar da ita da kansa, don ya fi kowa sanin hanyarta. Sau da yawa takan koma da ɗan ƙugi, ƙarar iskar da ke cikin hanji ke nan.

Akwai kuma gwajin tocila, wanda ke raba abubuwa biyu da jama'a ke haɗawa a suna ɗaya. A rage hasken ɗaki, a manna tocila a bayan kumburin. In ya yi ja ya haskaka, ruwa ne ya taru ya kewaye ƙwayar maraina. Wannan ita ce gwaiwar ruwa: ba ta komawa in an kwanta, ba ta motsi in an yi tari, kuma ba ta shaƙe hanji. A wasu yankunanmu tsutsar nan da sauro ke ɗauka, mai kawo tundurmi, ita ce ke haddasa ta. Zuƙe ruwan da sirinji ba magani ba ne, cikin 'yan makonni zai sake taruwa, kuma kowace huda ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Ƙaramin aiki ake yi a kan tantanin da ke tara ruwan, shi ke nan. A jarirai dai gwajin tocila na iya yaudara, domin hanjinsu siriri ne, shi ma haske na ratsa shi. Hoton sikanin sai in an yi shakka ake nemansa.

Bari in ratse kaɗan, domin akwai kumburi biyu da bai kamata a jira su ba ko kaɗan. Saurayi ko yaro ɗan shekara goma sha wani abu da ciwon maraina mai tsanani ya taso masa farat ɗaya, sau da yawa cikin dare, har da amai, wataƙila ƙwayar ce ta murɗe a kan igiyarta jini ya yanke. Awa shida ke gare shi, kusan, kafin ta mutu. Na biyu, ƙullutu mai tauri a jikin ƙwayar kanta, wanda ba ya ciwo. Rashin ciwon nan bai zama abin kwanciyar hankali ba, domin ta haka ciwon dajin maraina ke farawa, kuma yana cikin waɗanda suka fi jin magani in an kama shi da wuri.

Babu ƙwaya, babu jiƙo, babu sassaƙe da ke rufe kafa a tsoka. Ina faɗin haka kai tsaye saboda yawan masu lasifika da ke sayar da maganin gwaiwa a kasuwanni da tasoshin mota. Wanda ya sha ya ga kumburin ya ɓace da safe, kwanciyar dare ce ta mayar da shi. Ɗamarar da wasu ke ɗaurawa tana danne kumburin ne kawai, kafar na nan. Mafi muni shi ne sakiya ko tsaga a kan kumburin, domin abin da ke ƙarƙashin fatar nan hanji ne, in aka huda shi ƙazanta ce za ta malala cikin jiki.

Su ma likitoci sun daɗe suna lalube. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan fiɗa na Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin gwaiwa a littafinsa At-Tasrif, har da yin lalas da ƙarfe mai zafi domin tabo ya toshe hanyar. A Turai kuwa, masu yawo gari-gari suna yankan gwaiwa sukan cire ƙwayar maraina gaba ɗaya, har sai da Ambroise Paré, likitan fiɗan Faransa na ƙarni na 16, ya fito ya yi tir da wannan ɗabi'a. Ko bayan an samu maganin sa barci a 1846, kuma Joseph Lister ya koya wa likitoci kashe ƙwayoyin cuta a 1867, yawancin gwaiwar da aka yi wa aiki dawowa take yi.

Wanda ya sauya lamarin wani Ba'italiye ne, Edoardo Bassini. A 1867, yana saurayi cikin mayaƙan sa-kai masu neman haɗe Italiya, aka soke shi da wuƙar bakin bindiga a matsematsin dama, ya daɗe yana jinya. Da ya zama farfesan fiɗa a Padua, sai ya duƙufa kan nazarin wannan gurbi. Ya gane cewa toshe bakin ramin bai isa ba, dole a sake gina bangon bayan hanyar ta hanyar ɗinke tsokoki da jijiyar da ke gindin cinya, a bar wa igiyar maraina 'yar kafarta. Zuwa 1890 ya ba da rahoton aiki 262, waɗanda suka dawo ba su kai goma ba. Har yau ana ɗinkin Bassini, ko wani gyararren salonsa, a asibitocinmu da yawa. A Kanada, asibitin Shouldice, da aka kafa a 1945, ba ya wani aiki sai gwaiwa, kuma da ɗinki hawa-hawa ya sauko da dawowarta zuwa kusan ɗaya cikin ɗari.

Aibin ɗinki shi ne ana jawo tsoka da ƙarfi a haɗa, kuma abin da aka ja yana neman komawa. Sai aka fara gwada raga ta roba, har Irving Lichtenstein na Los Angeles ya yaɗa salonsa a shekarun 1980: a shimfiɗa raga a kan raunin ba tare da an ja komai ba, naman jiki ya tsiro cikin ramukanta ya riƙe ta. Wannan ne aikin da aka fi yi a duniya yanzu. Sai dai ragar kamfani na da tsada. Wani likitan karkara a Indiya, Ravindranath Tongaonkar, ya nuna a 2003 cewa yankin gidan sauro da aka tsabtace a tukunyar tururin asibiti na iya maye gurbinta, kuma ƙungiyar Operation Hernia da ta fara aiki a Takoradi ta Gana a 2005 ta ɗauki dabarar. A 2016 aka buga sakamakon gwaji a gabashin Uganda kan maza kusan 300: rabi an sa musu ragar kamfani ta dala 125, rabi an sa musu wadda ba ta kai dala ɗaya ba, kuma bayan shekara guda ba a ga wani bambancin kirki ba. A kula, ba gidan sauron da ake rabawa mai maganin ƙwari a jiki ake nufi ba. Wani nau'i ne da aka tantance, marar magani.

Aikin kansa, in an shirya masa, bai cika wuce awa ɗaya ba. Ba lallai a sa mutum barci ba. Ana iya kashe wurin da allura yana farke, ko a yi masa allurar baya jikinsa ya mutu daga cibiya zuwa ƙasa. A tsaga fata a gefen mara, ba a kan maraina ba, a ware igiyar jijiyoyi a ajiye ta gefe, a nemo jakar tantanin, a mayar da abin da ke ciki, a ɗaure wuyanta, a ƙarfafa bangon da ɗinki ko raga. A manyan asibitoci ana yi ta 'yan ƙananan huji da kyamara. Mutum kan koma gida ranar ko washegari, kuma ana son ya tashi ya taka tun ranar farko. Aiki mai nauyi kan jira 'yan makonni, shi ya sa manomi mai dabara ke zaɓar bayan kaka, ya warke kafin damina.

Tambayar da kusan kowane magidanci ke riƙe da ita, ko ya furta ko bai furta ba, ita ce, “Likita, iyali fa?” Jijiyoyin da ke tayar da gaba ba ta wannan hanya suka bi ba, aikin gwaiwa bai taɓa su. Bututun maniyyi kuwa yana cikin igiyar da likita ke kiyayewa, jin rauninsa abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma ɗaya gefen na nan. A gaskiya ƙatuwar gwaiwa da ta haɗiye gaba ita ce ke raba miji da shimfiɗarsa. Abin da ya kamata a faɗa wa mutum tun kafin aiki shi ne wajen ɗaya cikin goma na jin wani ciwo ko mutuwar fata a wurin har bayan watanni, ga kaɗan daga cikinsu kuma ciwon kan dame su sosai. Wurin na iya yin ruwa, kuma gwaiwa na iya dawowa.

To wanda tasa ƙarama ce, ba ta damunsa, dole ne a yi masa aiki? A 2006 aka buga wani gwaji da aka yi a Amurka da Kanada kan maza 720 masu irin wannan. Waɗanda aka bari ana lura da su, shaƙewar hanji ba ta kai biyu cikin dubu ba a shekara. Amma da aka bi su shekara goma, kusan kashi 68 cikin ɗari sun dawo an yi musu aikin, galibi saboda ciwo. Na yarda da sakamakon, amma ban yarda a kwaso shi yadda yake a ɗora wa mutumin ƙauye ba. Waɗancan mutane mintoci ne tsakaninsu da ɗakin tiyata mai wuta da jini da likita a tsaye. Wanda rafi ke raba garinsu da kwalta duk watan Agusta, lissafinsa daban ne. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan biyar ba sa iya samun tiyata mai aminci a lokacin da suke buƙata da kuɗin da za su iya biya, kuma yawancin karkararmu na cikin wannan lissafi.

Yara da mata nasu hukuncin ya bambanta. Gwaiwar matsematsi a jariri, musamman bakwaini, ba ta rufewa da kanta kuma tana saurin maƙalewa a shekarar farko, don haka ba a jira ya girma. Aikinta ɗaure jakar ne kawai, babu raga. Ƙaton cibi kuwa, wanda ya yawaita a yaranmu, yawanci yana rufewa kafin shekara huɗu zuwa biyar, ɗaura masa kwabo bai ƙara komai. Mace mai ɗan ƙullutu a gindin cinya, ƙasa da lanƙwasar matsematsi, kada ta raina ƙanƙantarsa. Ƙofar wannan nau'in matsattsiya ce ƙwarai, ya fi kowanne saurin shaƙe hanji, kuma a mace mai jiki yakan ɓuya har a yi ta maganin amai ba a gano shi ba.

Shaƙewar nan ita ce abin tsoro. Wata rana hanji kan fito fiye da yadda ya saba, bakin kafar ya matse shi. Jinin da ke komawa ne ke fara tsayawa, hanjin ya kumbura, kumburin ya ƙara matsewa, har jinin da ke shigowa ma ya yanke. Cikin awa shida yana iya fara ruɓewa. Kumburin da jiya yake laushi sai ya yi tauri, ba ya taɓuwa don ciwo, ba ya komawa. Amai ya biyo, ciki ya kumbura, babu bayan gida, babu fitar iska. A asibitocin Afirka ta Yamma wannan na cikin manyan dalilan toshewar hanji. Bayanan da Suwidin ta tara kan masu aikin gwaiwa, da aka buga a 2007, sun nuna cewa aikin da aka shirya bai ƙara haɗarin mutuwa ba, na gaggawa ya ninka shi sau bakwai, in kuwa sai da aka yanke hanji, sau ashirin. A Suwidin ke nan, inda motar asibiti ke zuwa ƙofar gida.

Wani abin da ke ruɗin iyali shi ne ciwon kan lafa bayan wasu awoyi, a ce ai sauƙi ya samu, a bari sai gari ya waye. Lafawar na iya zama alamar hanjin ya mutu. Idan mutum ya kwanta ya gwada mayarwa a hankali yadda ya saba ta ƙi, kada a kira mai ƙarfi ya danna, domin ana iya fasa hanjin ko a tura mataccensa ciki. Kada a ba shi abinci ko ruwa, kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a tsaya a kemis don allurar kashe ciwo. A nufi asibitin da ake tiyata ko da ya fi nisa, a tafi da 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini, kuma a riƙe lokacin da ciwon ya fara, don ita ce tambayar farko da likita zai yi.